Ƙwaƙwalwar roba mai gida takwas: wajenta ya yi, cikinta da saura

Ina koyar da ilmin sassan jiki ga ɗaliban shekarar farko a wata makarantar koyon aikin jinya mai zaman kanta a nan Jos. Kafin na koma aji, na daɗe ina aiki a ɗakin marasa lafiya. Bara na sayi samfurin ƙwaƙwalwar ɗan Adam na roba, irin wanda ake warewa gida takwas a sake haɗawa, da kuɗin aljihuna, saboda hoton da ke jikin bangon ajinmu ya koɗe, kuma ko bai koɗe ba hoto ba ya nuna abin da ke bayan wani abu. Tun daga lokacin malamai 'yan'uwana da iyayen wasu ɗalibai suke tambayata ko ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma ba duka ba, kuma wurin da ya gaza shi ne wurin da na fi buƙatarsa.

Na same shi a wani shagon kayan asibiti da ke kusa da titin Ahmadu Bello, ba nisa da Taminus. Iri biyu ne a shagon: ƙirar Jamus da ƙirar China. Na Jamus ɗin ya ninka ɗayan kuɗi sau da yawa, don haka na ɗauki na China, wanda shi ma ya ci kusan rabin albashina na wata. Farashin irin waɗannan kaya yana bin dala ne, abin da na biya bara ba shi za ku biya bana ba. Yaron shagon ya kyauta mini, ya bar ni na buɗe kwali na ware kowane gida na duba, sai dai ya faɗa mini tun da farko: "Hajiya, ki duba da kyau, in ya fita ƙofar nan ba ma karɓa." Takardar da ke cikin kwalin da Turanci da Latin take, an jera lambobi da sunayen sassa.

Girmansa daidai yake da na babban mutum, amma ba shi da nauyi. Ƙwaƙwalwar gaske tana kai kilo 1.3 zuwa 1.4, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, alhali tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Robar kuma tauri gare ta. Wannan shi ne abu na farko da nake gyara wa ɗalibai a ransu, domin ɗanyar ƙwaƙwalwa laushinta kamar na awarar da ba a soya ba ne, yatsa yana lotsa ta. Wanda bai san haka ba ba zai gane dalilin da ya sa bugu a ƙeya yake iya ƙuje ƙwaƙwalwa ta wajen goshi ba, ko dalilin da ya sa jinin da bai cika ƙaramin kofi ba, in ya taru a cikin ƙoƙon kai, yake iya tura ta gefe.

A waje kam ba ni da ƙorafi. An fitar da tudu da kwarin saman ƙwaƙwalwa da kyau, ba zanen fenti ba ne, yatsa yana shiga kwarin. Ɗaliba tana iya lalubo babban kwarin da ya gangaro daga tsakar ka zuwa wajen kunne, ta ɗora yatsa a tudun da ke gabansa ta ce nan ne umarnin motsi yake fitowa, ta koma tudun da ke bayansa ta ce nan ne saƙon taɓawa da zafi da sanyi yake sauka. Ɓangarori huɗun nan, na goshi, na tsakar ka, na gefen kunne da na ƙeya, duk iyakokinsu a bayyane suke. In aka zare ɓangaren gefen kunne, sai ga insula, wani yankin ɓawon ƙwaƙwalwa, a kwance a ciki, wadda a littafi ɗalibai suke haddace sunanta ba tare da sun san inda ta ɓuya ba. A nan ne nake gaya musu cewa ɓawon ƙwaƙwalwa kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin kwarin ne, ido ba ya ganinsa daga waje.

A gefen hagu, can ƙasan ɓangaren goshi, tudun da Paul Broca ya nuna a Faransa a 1861 ya fito sarai. Mara lafiyar da ya duba yana gane abin da ake faɗa masa amma bakinsa ba ya iya fitar da komai sai gaɓa guda, "tan". Duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki ya ga irin wannan: dattijo yana kallonki, ya san abin da yake so ya ce, hawaye na zuba, maganar ta ƙi fita, hannun dama kuma ya mutu. Da samfurin a hannu bayanin ba ya ɗaukar lokaci. An zana jijiyoyin jini da ja, kuma jijiyar tsakiya tana bi ta cikin kwarin gefe ta bazu a kan wurin magana da wurin motsin fuska da hannu. Wurin motsin ƙafa yana can sama ya lanƙwasa zuwa ciki, inda jijiyar gaba ce take ciyar da shi. Shi ya sa mutum zai rasa magana da hannu amma ƙafa ta ɗan taka. Sannan in aka juya kututturen ƙwaƙwalwa, ana ganin tudu biyu a gaban medula, wato ƙasan kututturen da ke haɗuwa da laka, inda yawancin igiyoyin motsi suke tsallakawa, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu, kafin su gangara cikin laka.

Zoben jijiyoyin jini na ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda Thomas Willis ya bayyana a Ingila a 1664, shi ma an yi shi da tsabta. Sai dai cikakke aka yi shi, kowane reshe da kaurinsa, alhali a jikin mutane da yawa wani reshen siriri ne ko babu shi sam. Wannan ba laifi ba ne, abin da malami zai ƙara da bakinsa ne. Jijiyoyin kai iri 12, kowace hagu da dama, an sa musu rawaya, kuma tushensu yana inda ya kamata. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, seribelum, an tsaga ta biyu har ana ganin farin reshen da ke cikinta. Ɗalibai suna mamaki in na ce wannan ƙaramar aba, da ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwaƙwalwa ba, ita ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiya biliyan 86 da ke cikin kai.

Samfurin ba shi da tantanin nan guda uku da suke lulluɓe ƙwaƙwalwa, waɗanda ciwon sanƙarau yake kamawa. A ƙasar da sanƙarau yake zuwa mana duk lokacin zafi, wannan rashi ne, amma na san da shi tun a shago.

Yanzu ga inda raina ya sosu. In aka raba samfurin biyu aka kalli fuskar ciki, kofus kalosum, farar gadar nan mai igiyoyi kusan miliyan 200 da ta haɗa hagu da dama, ta fito da kyau. Tudun singulet yana kwance a samanta yadda ya kamata. Talamus, zangon da yawancin saƙonni suke bi kafin su isa ɓawon ƙwaƙwalwa, yana nan, haifotalamus yana ƙasansa. Daga nan sai aikin ya fara yin sakaci. Foniks, wani farin damin igiyoyin jijiya wanda ya kamata ya taso daga hifokamfus, wurin ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa, ya lanƙwaso ta saman talamus ya gangara har ƙwayoyin mamilari, an zana shi da farin fenti zuwa rabi ne kawai, sai ya ɓace. Ƙwayoyin mamilari, da ya kamata su zama 'yan dunƙule biyu a bayan sandar fituwitari (ɗan ƙullin da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa yana fitar da sinadaran jiki), ɗigon fenti ne. Hifokamfus ɗin kansa wani tudu ne mara launi a cikin ɓangaren gefen kunne, ba a raba shi da abin da ke kewaye da shi ba, ba shi ma da lamba. Amigdala kuwa, 'yar dunƙulen da ke gaban hifokamfus mai alaƙa da tsoro, babu ita ko alama. A takardar sunaye ma, lambar da ke kan foniks an rubuta mata sunan siririn tantanin da ke samansa.

Na koma shagon na roƙi yaron ya buɗe mini na Jamus don in kwatanta. Bai ƙi ba. A wancan, in aka zare ɓangaren gefen kunne ana ganin ƙahon ƙasa na ramin da ruwan ƙwaƙwalwa yake zama a ciki, da hifokamfus kwance a daɓensa, tsawonsa santimita 4 zuwa 5, da farin gefensa da yake zarcewa ya zama foniks ba yankewa. A nan ne bambancin kuɗin ya tafi.

Wani zai ce ai ma'aikaciyar jinya ba likitar tiyatar ƙwaƙwalwa ba ce, me ya dame ta da foniks? Ni kuwa a ganina wannan yankin, da ake kira tsarin limbik, shi ne ya fi kusa da abin da za ta tarar a bakin gado, kuma shi ne mutanenmu suka fi yi wa mummunar fahimta.

Broca ne dai a 1878 ya lura da zoben ɓawon da ya kewaye kututturen ƙwaƙwalwa ta ciki. A 1937 James Papez a Amurka ya ce akwai wata hanya mai zagayowa a wurin: daga hifokamfus, ta foniks, zuwa ƙwayoyin mamilari, daga nan zuwa gaban talamus, sai tudun singulet, sannan ta dawo hifokamfus ta tudun da ke maƙwabtaka da shi. Shi ya ɗauka hanyar motsin rai ce. Paul MacLean ya ƙara amigdala da wasu sassa, ya raɗa wa abin sunan tsarin limbik a 1952. Har yau masana ba su daidaita a kan iyakarsa ba, kuma wasu, irin su Joseph LeDoux, suna ganin sunan ya haɗa sassan da aikinsu ya sha bamban. Abin da ya tabbata daga baya shi ne zagayen Papez ya fi alaƙa da ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa fiye da fushi ko murna. Darasin ya zo ne da tsada. A 1953 likita William Scoville ya cire wa Henry Molaison, mai shekara 27, cikin ɓangaren gefen kunne hagu da dama don a rage masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta ragu, hankalinsa da maganarsa suna nan, ya san yarintarsa, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 sabon abu ba ya zama masa. Wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Brenda Milner, ta yi shekaru tana nazarinsa, duk zuwan da za ta yi sai ta sake gabatar da kanta. Duk da haka hannunsa ya koyi zana tauraro yana kallon madubi, yana ƙara ƙwarewa alhali bai tuna ya taɓa gwadawa ba, domin koyon aikin hannu wata hanyar yake bi daban.

Ta yaya zan nuna zagaye a kan samfurin da hanyar ta yanke a rabi? Abin da na yi shi ne na samo jan zaren saƙa na liƙa shi da salatif, daga tudun hifokamfus ya zagayo har ɗigon mamilari, na ci gaba da shi zuwa talamus da singulet. Na murza ƙullin yumɓun yara na manna a gaban hifokamfus a matsayin amigdala. Yana aiki, kowace ɗaliba tana bin zaren da yatsa tana kiran sunaye. Amma wanda ya biya kuɗi irin wannan bai kamata ya koma yana ƙarasa aikin masana'anta da zare ba.

Ga dalilin da ya sa na nace. Akwai farfaɗiyar da take tasowa daga cikin ɓangaren gefen kunne, kuma ba kullum take kayar da mutum ƙasa yana shure-shure ba. Yarinya za ta ce tana jin warin abu yana ƙonewa alhali ba wanda ya ji, ko wani abu ya taso mata daga ciki zuwa maƙogwaro, ko tsoro ya rufe ta ba dalili. Sai ta ƙura ido wuri guda, tana tanɗe baki, tana murza bakin zani, a kira ta ba ta amsawa, bayan minti ɗaya ko biyu ta dawo ba ta san abin da ya faru ba. A gidajenmu sunan wannan iska. Na ga yara da aka cire daga makaranta, na ga auren da aka fasa. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Amma ina so ɗalibata ta iya ɗaukar samfurin nan ta nuna wa uwa ta ce, Mama, ga wurin jin ƙanshi, ga wurin tsoro dab da shi, ga wurin tunawa a bayansu, duk a cikin tazarar da ba ta wuce tsawon yatsa ba, shi ya sa 'yarki take jin wari, tsoro ya kama ta, sannan ta manta, kuma akwai ƙwayar magani da take kwantar da wannan wurin. Saƙon ƙanshi yana isa wannan yanki kai tsaye ba sai ya fara bi ta talamus ba, saɓanin gani da ji. Samfurin da ba shi da amigdala ya ɗauke wa ɗalibar rabin hujjarta.

Haka batun haukan kare, wanda mu a Filato ba baƙonmu ba ne. Shi kansa Papez ya kafa hujja da wannan ciwo, ganin yadda yake taɓa hifokamfus yana kuma birkita halin mai shi. Tun 1903 Adelchi Negri a Italiya ya gano 'yan dunƙulen da ciwon ke bari a cikin ƙwayoyin jijiya, kuma hifokamfus na daga wuraren da aka fi samunsu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, nan kusa da mu, can ake kai kan karen da ake zargi a duba ƙwaƙwalwarsa. Ƙwayar cutar tana bin jijiya ne a hankali daga wurin cizo har ta hau kai, shi ya sa cizo a fuska ya fi na ƙafa gaggawa, shi ya sa kuma wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15 da zuwa karɓar allura nan take suke ceton rai. In alamu suka bayyana, kusan ba mai tashi.

Ɗigon fentin nan na mamilari ma da labarinsa. Ƙarancin bitamin B1 yana lalata su. Littattafai suna danganta abin da mashaya giya, amma mai ciki da ta yi makonni tana amai ba ta riƙe abinci ita ma tana cikin haɗari, musamman in aka ɗaura mata ruwan suga ba a haɗa da bitamin ɗin ba. Sai ta rikice, idanu su riƙa rawa, tafiya ta gagara, in aka makara mantuwa ta zauna mata. Ungozoma ya kamata ta san wannan wurin da idonta.

Abu guda a yankin da samfurin ya yi daidai, kuma na yaba: ankus, ɗan lanƙwasan da ke can cikin gaban ɓangaren gefen kunne, an fito da shi, kuma jijiyar kai ta 3 tana wucewa dab da shi. Ina tura ɓangaren da babban yatsa ɗalibai su ga yadda yake danne jijiyar. Wannan shi ne abin da ke faruwa in aka kawo wanda ya yi hatsari a Hawan Kibo, jini yana taruwa a gefe guda na kansa: ɗigon tsakiyar baƙin idonsa na wannan gefen sai ya buɗe, a haska tocila ya ƙi tsukewa. Wadda ta taɓa ganin haka a roba ba za ta ɗauki duba ido cikin dare a matsayin cika takarda ba, za ta ruga ta kira likita.

Game da ƙarko, ƙusoshin ƙarfe ne suke riƙe gidajen, ba maganaɗisu ba. Ramin ɗaya ya riga ya buɗe, rabin seribelum yana zamewa in aka ɗaga. Fituwitari yana rataye a siririyar sanda, kullum ina fargabar ranar da za ta karye, ga shi ina buƙatarsa in ina bayanin matar da ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, saboda fituwitarinta ya lalace. Lambobin an buga su ne a kan fenti, gumin hannu yana cin su, don haka na shafa musu farin man farce. Ƙurar hunturu tana shiga kwarin, tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu suna fitar da ita. Kada a goge da sifirit, yana ɗaukar jan jijiyoyin.

Gurbin da samfurin ya bari na cike shi da kan rago. Na je kwata na roƙi wani dattijon mahauci ya bar mini kai guda ba tare da ya sara shi ba, domin saran da suka saba yi yana dagargaza ƙwanyar. Ya ce, "Malama, mu da muke fasa ta kullum ba mu taɓa tsayawa mun kalle ta ba." Muka yanke ƙoƙon da zarto a hankali, na jiƙa ƙwanyar a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100 har mako biyu ta yi tauri. Nauyinta kusan kashi ɗaya cikin goma na ta mutum ne, sassan jin ƙanshi sun fi namu girma nesa, ƙwayar mamilari kuma a rago dunƙule ɗaya take bayyana ba biyu ba. Amma da na yanke saman na buɗe ramin ruwa, sai ga hifokamfus a lanƙwashe, farin foniks yana fita daga jikinsa ba yankewa, abin da robar ta kasa nunawa. Wanda zai yi haka ya sa safar hannu, ya buɗe tagogi domin fomalin yana cin ido da hanci, ya nemi kan dabbar da aka duba lafiyarta, kada kuma ya kusanci kan kare ko na dabbar da ta mutu da kanta.

Makarantar sakandare da ɗalibin da ke shirin jarrabawar shekarar farko, wannan na China ya ishe su. Makarantar jinya ko ta ungozoma da take da hali, gara malamai su matsa wa hukumar makaranta ta sayi mai tsadar guda ɗaya a riƙa karɓa-karɓa. In kuwa mai arhar za ku saya, kafin ku biya ku zare ɓangaren gefen kunne ku leƙa cikinsa, ku ɗora yatsa a kan foniks ku bi shi ku ga ko ya kai ƙwayoyin mamilari, sannan ku gwada lambobi biyar ko shida da takardar sunaye tun kuna cikin shagon.